Gidan Waziri a Giɗaɗawa da Mutanen da Suka Zauna a Cikinsa



Da aka nemi in yi magana a kan wani gida mai tarihi a birnin Sakkwato, na san mafi yawan jama'a za su zaci ko dai fadar Sarkin Musulmi zan ɗauka, ko kuwa gidan Shehu inda Hubbare yake. Ban ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Gidan da na zaɓa yana kusa da su duka biyu, a unguwar Giɗaɗawa, shi ne gidan Wazirin Sakkwato. Dalilina kuwa shi ne, babban kaso na abin da muke koya wa ɗalibai game da Daular Usmaniyya ta zauren gidan nan ya biyo kafin ya iso hannunmu. A nan aka rubuta shi, a nan aka adana shi, a nan kuma aka buɗe wa masu bincike shi. Wanda yake shan ruwan rijiya kuwa ya kamata ya san wanda ya haƙa ta, ya kuma san irin ƙasar da ruwan ya ratso.

Bari mu fara da ginin kansa, ko da yake ba a nan zan daɗe ba. Sakkwato ba tsohon gari ba ne in an gwada shi da Kano ko Katsina. A 1809 ne Muhammadu Bello ya soma kafa shi a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, Shehu Usmanu kuwa bai taso daga Sifawa ya tare a nan ba sai 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Manyan jama'ar Shehu kowa ya sami fili ya gina gida, 'ya'ya da barori da almajirai suka kewaye shi da nasu gidajen, har wurin ya zama unguwa mai amsa sunan maigidan. Haka Giɗaɗawa ta samu. Tsarin gidan babban mutum kuwa sananne ne gare ku: zauren farko inda kowa ke iya shiga, sa'an nan sarari inda ake ɗaure dawaki, a sauki baƙi, sa'an nan zaure na biyu wanda ba a wuce shi sai da izini, daga nan turakar maigida, can ciki kuma sassan mata. Ginin tubali ne, rufin azara. Kowace damina sai ta ci rabonta daga jikin katanga, in kuma ba a bi da yaɓe ba da rani, shekara kaɗan ta isa soro ya zama kufai. Saboda haka gidan ƙasa ba ya daɗewa don ƙarfin kansa. In kun ga ya kai shekara 200 a wuri ɗaya, to, an sami mutanen da suka yi ta sabunta shi ne, wani bayan wani. Tarihin irin wannan gida tarihin waɗannan mutane ne.

Wanda ya kafa gidan sunansa na yanka Usmanu, ɗan Abubakar Sambo Laima. Giɗaɗo laƙabi ne na Fillanci, ma'anarsa wanda ake ƙauna. An haife shi wajen 1776, wato ya girmi Bello da 'yan shekaru. Shi ba ɗan Shehu ba ne, ba kuma ƙanensa ba ne; almajirinsa ne, aminin ɗansa Bello, daga baya kuma surukinsa, domin wajen 1807 aka aura masa Nana Asma'u 'yar Shehu. Tun Shehu na da rai aka san shi da aikin manzanci, har an aike shi Barno a zamanin da ake musayar wasiƙu da Shehu Laminu a kan halaccin yaƙin jihadi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai ya ɗora Giɗaɗo a kan waziranci. Ina ganin akwai hikima a wannan zaɓi wadda ba kasafai ake lura da ita ba. A zamanin Shehu, ƙanensa Abdullahi shi ne babban waziri, kun kuwa san irin ɓacin ran da ya shiga tsakaninsa da Bello a kan gadon mulki, wanda bai gushe ba sai a Kalambaina. Bello ya ɗauko mutumin da ke da kusanci da gidan Shehu ta hanyar karatu da aure, amma ba shi da hanyar neman gadon sarauta. Irin wannan mutum ana iya ba shi hatimi a yi barci. Daga Giɗaɗo kuwa sarautar ba ta sake fita daga zuriyarsa ba.

Shaidar farko da muke da ita daga bakin baƙo game da gidan ta fito ne daga Kyaftin Hugh Clapperton, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. A gidan Giɗaɗo aka sauke shi. Abin dariya shi ne, shi da Turawan da suka biyo bayansa sun ɗauka "Giɗaɗo" sunan sarauta ne, suka yi ta rubuta shi kamar yadda za a ce Galadima ko Magaji. Clapperton ya siffanta mai masaukinsa da cewa dattijo ne mai ladabi ƙwarai, mai jin Larabci sosai. Ya kuma ga wani masallaci da Giɗaɗo yake ginawa da dukiyarsa, ya zanta da babban maginin, wani Bazazzagi wanda ya ce ubansa ya je Masar ya ɗan koyo fasahar gini a can. Wasu masana suna zaton wannan magini shi ne Babban Gwani wanda daga baya ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Akwai kuma wani ɗan labari a littafin Clapperton wanda kullum nakan tsaya a kansa. Yana cikin gidan ne wani ɗan Giɗaɗo da yake ji da shi, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa masa, ya rasu da ciwon agana. Baƙon ya je ya yi wa uban ta'aziyya. Bai ga uwar ba, bai ambaci sunanta ba, domin iyakar Bature zaure ne.

Zuwansa na biyu, a 1826, bai yi daɗi ba. Ya tarar Sakkwato da Barno suna cikin yaƙi, shi kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Laminu, har da makamai a cikin kayansa. Bello ya ƙi yarda a ratsa ƙasarsa a kai wa abokin gabansa irin wannan saƙo, wanda kuwa aka ɗora wa nauyin zuwa karɓar wasiƙar da kayan shi ne Giɗaɗo, mai masaukin baƙon, amininsa na da. Clapperton ya gaya masa baƙaƙen maganganu, har ya kwatanta abin da aka yi masa da aikin 'yan fashi. Giɗaɗo ya haɗiye. Ran 13 ga Afrilu, 1827, Clapperton ya mutu a Sakkwato bayan doguwar jinya, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari. Ku riƙe wannan hoto, domin za mu sake ganinsa: Sarki ya yanke hukunci a fada, Waziri ne yake kai shi, shi ne kuma yake shan zafin bakin wanda hukuncin ya faɗa wa.

Yanzu sai mu wuce zaure na biyu, mu shiga inda Clapperton bai shiga ba. Matar da ke can ciki, Nana Asma'u, an haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Ta yi ƙuruciyarta a cikin hijira da yaƙi, ta ga Gudu, ta ga yunwa da annobar da suka ci jama'a a shekarun farko na jihadi. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kowane harshe da mutanen da take nufi da shi: Larabci don malamai, Fillanci don dangi da jama'ar Shehu, Hausa kuwa don talakawa, musamman mata, waɗanda da yawansu yaƙi ne ya kawo su cikin daular, suna kuma riƙe da bori. Daga ɗakinta ne aka tsara abin da ake kira 'yan taru. Matan ƙauye, 'yan mata da tsofaffi waɗanda hidimar goyo ta sake su, sukan taso ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, wadda Asma'u take naɗawa da malfa da jan ƙyalle. Su zo da ɗan abin sadaka, hatsi ko man shanu ko zuma, su zauna su haddace waƙoƙin da ke koyar da tsarki da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, su koma su koya wa waɗanda ba su iya fitowa. Ku dubi abin da idon ma'aikacin ilmi: babu aji, babu albashi, babu takardar shaida, amma ga manhaja, ga malamai masu izini, ga hanyar kai karatu har ɗakin matar da ke kulle. Da ta rasu wajen 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Abin da ya shafi maganarmu ta yau kai tsaye shi ne aikin da miji da mata suka yi tare bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837. Mutanen da suka ga Shehu da idonsu sun soma ƙarewa. Giɗaɗo, wanda tsufa ya kama, ya ja jiki daga hidimar mulki ya zauna rubutu. Ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da karamominsa da jama'arsa, ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Asma'u kuma ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙe a waƙe da Fillanci, wanda ɗan'uwanta Isa ya mayar da Hausa, aka san shi da Waƙar Gewaye. Wato abin da mijin ya ajiye wa malamai a zube, matar ta zuba shi a baitin da mai daka za ta iya rerawa. Sunayen limaman Shehu da ladanansa da marubutansa da matansa, waɗanda ɗalibi yake haddacewa yau don jarrabawa, da yawansu daga waɗannan littattafai aka samo su. Ba na jin an yi wani gida a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 wanda ya yi wa tarihi irin wannan hidima.

A 1842, da Aliyu Babba ya hau, aka naɗa Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo da Asma'u waziri, uban yana da rai. Shi ma marubuci ne, shi ya wallafa Anisul Mufid. A zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ziyarci Sakkwato a 1853, lokacin Sarkin Musulmi yana zaune a Wurno, birnin kuma ya yi sanyi, gidaje da yawa sun zube. Barth ya je ya ga gidan da Clapperton ya mutu, ya tarar da shi a tsaye cikin gyara, ya kuma faɗi dalili: ɗan Giɗaɗo yana girmama mahaifinsa ƙwarai, ba zai bari gidansa ya rushe ba. Ga maganar yaɓe da muka fara da ita ta fito daga bakin baƙo. Bayan Abdulƙadir sai ɗansa Ibrahim Halilu, bayansa kuma Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo. Ba zan tsaya a kansu ba.

Amma ya kamata in tsaya in bayyana mene ne ainihin aikin gidan, don kada ɗalibi ya zaci waziri mai zaman fada ne kawai. Daula ce mai faɗin gaske, tafiyar watanni daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta da rundunar soja ta dindindin da za ta tilasta wa sarakuna biyayya. Abin da ya riƙe ta shi ne mubaya'a da wasiƙa. Kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, wato basaraken da take bi ta hannunsa, Waziri kuwa shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, Kano da Zazzau da Haɗejiya da Katagum da wasunsu. Manzannin waɗannan sarakuna a gidansa suke sauka, gaisuwar da suka kawo ta tufafi da dawaki da bayi ta hannunsa take bi, ƙararrakinsu shi yake fara ji. Shi kuma yakan fita rangadi, ya naɗa sarki da sunan Sarkin Musulmi, ya sasanta rikicin gado ko na iyaka. In abin ya yi kyau, an ce albarkar Shehu ce. In ya ɓaci, kamar yadda ya ɓaci wa Abdulƙadir a kan Buharin Haɗejiya, wanda aka tuɓe ya ƙi tuɓuwa, ya komo ya ƙwace garinsa da ƙarfi, to, sunan Waziri ne a bakin mutane.

Ba wanda ya ɗanɗana wannan ɗaci kamar Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo, jikan Asma'u, wanda ya zama waziri wajen 1886. Sau biyu ƙaddara ta tsayar da shi a inda babu mafita mai daɗi.

Na farko a Kano ne. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Waziri yana cikin birnin. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, yana son a naɗa Tukur ɗan marigayin, saboda bajintar da ya nuna a yaƙin Argungu. Mafi yawan 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi da magoya bayansu kuwa Yusufu suke so. Riwayoyi sun nuna Waziri ya hango abin da zai biyo baya, ya kuma ba da shawara, ba a karɓa ba. Ya naɗa Tukur. Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka shiga yaƙin basasa, Yusufu ya rasu a kan hanya, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Daga bisani Waziri ne dai ya koma ya nemi hanyar da Sakkwato za ta amince da sarkin da ya hau ba da izininta ba. Ma'aikatan da ke zaune a nan, na san wasunku sun taɓa rubuta shawara a fayil, aka ƙi ta, sa'an nan aka dawo musu da fayil ɗin aka ce su aiwatar. Ba sabon abu ba ne. Abin tambaya shi ne ko akwai iyakar da in an kai ta, ma'aikaci ya kamata ya ajiye alƙalami ya ce ba da hannunsa ba. Ni a ganina Kano ta 1893 ta kusa da wannan iyaka, ko da yake yana da sauƙi mai zaman kujera a jami'a ya faɗi haka bayan shekara fiye da 100.

Na biyu ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Kano ta faɗa hannun Turawa ran 3 ga Fabrairu, 1903. Ran 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a bayan ganuwar Sakkwato, a wajen Giginya, aka gwabza, bindiga mai ruwa ta gama aikinta tun hantsi bai yi nisa ba. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, ya nufi gabas da niyyar hijira, dubban mutane suka bi shi, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Waziri Buhari kuwa ya sami kansa a wajen Marnona tare da taron jama'ar da suka watse daga birni, mata da yara da tsofaffi, ba abinci, ba wurin zuwa. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi Sarkinsa, ya cika abin da littattafan Shehu kansa suka koyar game da wajabcin hijira daga ƙasar da kafirai suka rinjaya, ko ya koma ya miƙa wuya ga Nasara don jama'a su koma gidajensu. Ya tara malaman da ke tare da shi suka yi shawara, ya komo. Ran 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato aka naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, Waziri yana wurin.

Abin da ya bambanta shi da sauran sarakunan da suka miƙa wuya a wannan shekara shi ne, shi ya zauna ya rubuta dalilinsa. Takardar ita ce Risalatul Wazir, wadda ya aika ga ma'abota ilmi da tunani. A cikinta bai yi alfahari ba, bai kuma ɓoye damuwarsa ba. Ya nuna cewa malamai sun halatta a yi wa mai rinjaye biyayya ta fatar baki a lokacin tsoro, muddin zuciya ba ta bi ba, muddin kuma ba a hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana tsoron kada ya zama ya saida lahirarsa, har sai da ya nemi fatawar Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, wanda ya kwantar masa da hankali, ya tuna masa cewa Musulmi sun ga irin wannan rana a da, lokacin da Tatar suka ci Bagadaza, addini kuma bai ƙare ba. Ya kuma nuna masa cewa in kowa ya tashi, ƙasar za ta zama ta kafirci ke nan gaba ɗaya. Marigayi Farfesa Adeleye ya yi nazarin wannan takarda a 1968, ya kira halin da Waziri ya shiga da tsaka mai wuya.

Mukan so mu raba mutanen 1903 gida biyu, jarumai da masu miƙa wuya, mu yi wa Attahiru waƙa, mu yi shiru a kan Buhari. Ni ban yarda da wannan rabo ba. Wanda ya tafi ya tsare mutuncin daular, wanda ya zauna ya tsare mutanenta da kotunanta da littattafanta, kowanensu kuma ya biya farashi. Amma kada mu yi wa Waziri gatan da bai yi wa kansa ba. Biyayyar da aka ce ta fatar baki ce ba ta tsaya a baki ba. Shekara uku bayan haka, a 1906, da talakawa da bayin da suka gudu suka yi tawaye a Satiru, kusa da nan, fadar Sakkwato tare da Turawa ta tsaya, aka shafe garin daga doron ƙasa. Wanda ya shiga inuwar mai ƙarfi don ya tsare jama'a, wata rana za a nemi ya riƙe wa mai ƙarfin sanda. Waziri Buhari ya rasu a 1910.

Akwai wani abu da ya faru da gidan a 1903 wanda ya shafe mu mu masu bincike. Da Turawa suka shiga birni sun sami tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri, waɗanda sarakuna suka aiko suna ba da labarin matsowar Nasara, suna neman umarni. An fassara wasu daga ciki zuwa Turanci, H. F. Backwell ya buga su a Ikko a 1927, sunan littafin ma ya faɗi a fili cewa a gidan Waziri Buhari aka same su. Ni kaina a wani ɗakin karatu a Ingila na fara riƙe wannan littafi, lokacin ina karatun digirina na ƙarshe, ana sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Na yi tafiyar dubban mil don in karanta abin da aka ɗauka daga unguwar da na sha wucewa ta cikinta a kan babur. Ban ji daɗin wannan ba, amma ban ga wanda zan zarga ba sai mu da ba mu tambaya ba tun muna gida.

Mutum na ƙarshe da zan yi magana a kansa an haife shi a shekarar Satiru, 1906, yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa Buhari ya rasu. Shi ne Junaidu. Karatun zaure ya yi, na allo da na littattafai, a hannun malaman Sakkwato, ya koyar a makarantar Midil da makarantar horar da alƙalai, kafin a naɗa shi waziri a 1948 bayan Waziri Abbas. Ya riƙe sarautar har rasuwarsa a watan Janairu na 1997, kusan shekara 49, ya yi wa Sarakunan Musulmi uku aiki: Abubakar na uku, da Ibrahim Dasuƙi, da Muhammadu Macciɗo. A idonsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, a idonsa aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya raba sarakuna da mulki. Wato ya gaji ofishin da ikonsa ke tsiyayewa kowace shekara. Abin da ya yi shi ne ya koma ga ɗaya gadon gidan, na alƙalami. Ya rubuta Dabɗul Multaƙaɗat, wanda aka buga fassararsa da Hausa da sunan Tarihin Fulani, ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihi da nahawun Fillanci da waƙa da labarin tafiye-tafiyensa. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, bai tsaya ga godiya ba; ya gaya wa masu jami'ar a gabansu cewa makarantarsu dashe ce da aka ciro daga wata ƙasa, saiwarta ba ta kama ƙasar da aka dasa ta ba. Maganar ta shafi wannan zaure da muke ciki.

Ya kuma buɗe gidan. Murray Last, Baturen da ya rubuta littafin nan The Sokoto Caliphate wanda ya fito a 1967, a gidan Waziri Junaidu ya zauna yana ɗalibin Jami'ar Badun, da takardun gidan ya yi aiki, shi ya sa kusan rabin littafin a kan wazirai yake. Jean Boyd kuma, wadda ta fito da Nana Asma'u ga duniya a littafinta na 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucenta a 1997, daga hannun Waziri Junaidu ta sami takardun, waɗanda gidan ya adana a gafaka fiye da shekara 100. Yau ana karanta Asma'u a jami'o'in Amurka da Ingila, akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunanta a Arewa, amma da gara ta ci gafakar nan, da sai dai mu riƙa jin sunanta a bakin tsofaffi. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunan Waziri Junaidu take amsawa. Bayansa sarautar ta koma ga Usman Junaidu, daga baya kuma ga Farfesa Sambo Wali Junaidu, malamin jami'a masanin adabin Larabci na Sakkwato.

To, a nan ne nake son ɗalibai su yi hattara. In tarihin ƙasa ya fito ta ƙofa ɗaya, komai gaskiyar masu ƙofar, zai fito da ƙirar ƙofar. Daular da muke gani a littattafan gidan Waziri daula ce ta malamai da wasiƙu da shari'a, wadda ake kallo daga tsakiya. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri, da Katsinawan Maraɗi, da Kabawan Argungu, a waɗannan takardu 'yan tawaye ne kawai, alhali su ma suna da nasu labarin, da nasu marubuta da mawaƙa. Mutanen Satiru ba su bar wasiƙa a gafakar kowa ba. A cikin gidan kansa ma, mun san sunan wanda ya rubuta Raudul Jinan, amma ba a rubuta sunan bawan da ya kwaɓa ƙasar da aka yi yaɓen da Barth ya yaba ba, ko na kuyangar da ta daka hatsin da aka ciyar da manzannin Kano. Shi Murray Last kansa daga baya ya koma ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi ya zauna, don ya ga yadda abin yake daga ɗaya gefen. Wanda zai rubuta kundin digirinsa a kan Sakkwato, ina ba shi shawara ya fara da Giɗaɗawa, ya koyi karanta rubutun Larabci da na ajami da hannun magabata, domin kaso mai yawa na takardun nan har yanzu ba a fassara shi ba. In ya gama, ya hau mota ya tafi Argungu da Sabon Birni, ya ƙetara Maraɗi, ya zauna a wasu zaurukan ya ji yadda suke ba da labarin shekarun nan guda.